Ina koyarwa a ƙauye da digirin Kemistiri: PGDE zan fara ko mastas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. Digirina B.Sc. ne a Kemistiri, ban karanci fannin koyarwa ba. Shekarata bakwai a aiki, ina mataki na 10. Bana na sayar da riɗi na ɗan tara kuɗi, ina so in ƙaro karatu. Wasu sun ce PGDE, wasu sun ce in wuce mastas kai tsaye, wasu kuma sun ce kwasa-kwasan intanet sun fi sauƙi. Maiɗakina ma tana koyarwa a firamare da NCE, tana son ci gaba. Da me za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa kuɗin riɗin albarka. Da PGDE, wato difilomar koyarwa ta gaba da digiri, za ka fara, daga nan ka yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN. Mastas ta jira tukuna, sai ka san kujerar da kake nufi da ita. Kuma kafin ka sayi fom ko ɗaya, akwai takardar da ta fi fom ɗin muhimmanci, wato izinin hukumar da ta ɗauke ka aiki.

A idon doka, mai B.Sc. zalla masanin Kemistiri ne da aka ba wa alli, bai zama ƙwararren malami ba ko da ya shekara ashirin a aji. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da doka ta 31 ta shekarar 1993, ta kasa malamai gida huɗu. Rukunin D masu NCE ne, C masu digirin farko, B masu mastas, A masu digirin digirgir. Sharaɗin da mutane ke mantawa shi ne kowane rukuni sai da takardar koyarwa a ciki: ko digirin kansa ya zama na ilimi, ko a haɗa shi da PGDE ko makamanciyarta. Ke nan in ka tsallake ka yo M.Sc. a Kemistiri yau, ka dawo da digiri biyu amma har yanzu ba ka da rukunin shiga. Ranar da aka zo tantance malamai, ko ake neman wanda za a ba mataimakin shugaban makaranta, wanda ya zo bayanka da digirin ilimi, B.Ed., da lambar TRCN yana gabanka a takarda.

PGDE zango biyu ce in ana yi cikakken lokaci, ta ƙarshen mako kan ɗan zarce haka. Za ka karanta tarihin ilimi da falsafarsa, halayyar ɗan Adam a wajen koyo, tsarin manhaja, dabarun koyarwa, auna fahimtar ɗalibi da tsara jarrabawa, da hanyoyin bincike. Akwai koyarwar gwaji ta makonni shida ko fiye, da ɗan furojet a ƙarshe. Tun da kana aiki, nemi a bar ka ka yi koyarwar gwajin a makarantarku. Yawanci ana yarda, sai dai ka tabbatar malamin da zai zo duba ka ya san hanya kuma ya san ranar da kake da darasi, don an sha rubuta wa mutum bai halarta ba alhali mai dubawar ne ya zo ranar kasuwa ya tarar da aji ba kowa. A cikin darussan nan, kada ka yi wasa da na auna fahimta da na bincike. Su ne za su ɗauke ka in ka je mastas, kuma su ne malaman kimiyya suka fi rainawa.

Wuraren yi suna da yawa. Jami'ar Bayero tana yi a Tsangayar Ilimi, Jami'ar Ahmadu Bello tana yi, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN tana da cibiyoyi a Kano da Dutse, ga kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda tun 1976 aka kafa ta don malamin da ke bakin aiki, tana karatu a cibiyoyinta na jihohi a ƙarshen mako. Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna cikin jiharku, sai ka duba sanarwar karatun gaba da digiri ta shekarar ka ga abin da suka buɗe. Akwai kuma wata takarda mai suna PDE da kwalejojin ilimi ke bayarwa. TRCN tana karɓarta, don haka in rajista kawai kake so ta wadatar. Amma jami'o'i da yawa PGDE suke rubutawa a sharaɗin shiga M.Ed., wato mastas a fannin ilimi, har su sa matakin sakamakon da suke so. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma harafin nan ya sa mutane maimaita shekara guda. Ɗauko sanarwar mastas ta jami'ar da kake hari tun yanzu, ka karanta sharaɗinta, sannan ka zaɓi inda za ka yi difilomar.

Yanzu batun izini. Ma'aikacin gwamnati ba ya tafiya karatu da ra'ayin kansa, ko da na Asabar da Lahadi ne. Da zarar ka sami gurbi, ko ma tun kana nema, ka rubuta takarda ta hannun shugaban makarantarku, ta bi ofishin shiyya, ta isa hukumar da ke riƙe da fayil ɗinka. Ka haɗa da kwafin takardar ɗaukar aiki, takardar tabbatarwa a aiki, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, da takardar gurbin karatun. Iri uku ake bayarwa: hutun karatu da albashi, hutun karatu ba albashi, da izinin yin karatu kana bakin aiki. Na farkon yana zuwa da yarjejeniyar cewa za ka dawo ka yi wa jiha aiki na wasu shekaru, kuma malamin Kemistiri guda ɗaya tilo a makaranta da wuya a sake shi, don ba wanda zai riƙe 'yan aji uku masu WAEC da NECO. Saboda haka na ukun ya fi dacewa da kai, kuma ya fi saurin fitowa. Abin da ke ɓata wa mutane shi ne dogaro da baki: shugaban makaranta ya ce «je ka, ba komai», bayan shekara biyu an yi masa canjin wurin aiki, kai kuma ka kawo sakamako a sa a fayil, sai a tambaye ka ina takardar amincewa. Babu ita, takardarka ta zama ado a bango. Mafi muni, ranar Juma'ar da kake fita da wuri don kama motar Kano tana iya zama laifin barin aiki. Ka karɓi kwafi mai hatimi a duk teburin da takardar ta sauka, ka ajiye a gida a leda.

Da sakamakon PGDE ya fito, sai jarrabawar TRCN, wadda aka fara tun 2017. A kwamfuta ake yi, tambayoyi ne na zaɓi, kashi 50 ake nema. Ba ta da tsanani ga wanda ya gama difiloma da zafinsa. Masu faɗuwa yawanci rashin sabo da kwamfuta ne ke cinye musu lokaci. In ka ci, akwai takardar rajista wadda ta zama taka, akwai kuma lasisi da aka saba sabuntawa duk bayan shekara 3. Abubuwa biyu ne daban, kada ka karɓi ɗaya ka ɗauka ka gama.

To, mastas. A nan ne kuɗin mutane ke zurarewa, don haka bari mu tsaya sosai. Ka sani cewa a aikin gwamnati, takarda tana tasiri ne a ƙofar shiga da kuma a rufin sama. Mai NCE yana shiga a mataki na 7, mai digiri a na 8. Bayan an shiga, ƙarin girma da shekaru yake tafiya, galibi uku-uku a tsakiyar tsani, huɗu-huɗu a can sama. Kai da kake mataki na 10, na gabanka 12 ne, tun da tsarin ba shi da 11, kuma za ka kai shi a lokacinsa da mastas ko babu. Duk wanda ya ce maka mastas za ta ɗaga albashinka a watan da ka kawo ta, ka ce ya nuna maka takardar biyan wanda aka yi wa haka a mataki irin naka. Amfaninta yana wani wuri: tana buɗe ƙofar da digirin farko ba ya buɗewa. Tambayar ita ce wace ƙofa.

In burinka ka zama lakcara a sashen Kemistiri, a jami'a ko a kwalejin ilimi irin ta Gumel ko ta Bichi, to M.Sc. a Kemistiri kake bukata, PGDE ɗinka kuma ta zama ƙarin daraja, musamman a kwaleji inda ake son takardar koyarwa. A jami'a mai mastas mataimakin lakcara ne, sai da digirin digirgir ake kama tsani sosai, kuma shiga digirin digirgir yana son sakamakon mastas mai ƙarfi, galibi maki 3.5 cikin 5. Amma ka kalli gaskiyar aikin: binciken M.Sc. a ɗakin gwaje-gwaje ake yinsa, watanni kana tsaye kan samfur, kana sayen sinadarai da kuɗinka, wani gwajin ma sai ka kai wata jami'ar ka biya a yi maka saboda na'urar ba ta aiki. Wannan ba ya yiwuwa daga ƙauye da izinin ƙarshen mako. Ko ka sami hutun karatu cikakke, ko ka bar shi.

In kuwa a aji kake son zama, ko ka zama mai horar da malamai, ko mai duba makarantu a fannin kimiyya, mastas a koyar da kimiyya ta fi dacewa da kai, wadda wasu jami'o'i ke kira M.Ed. wasu M.Sc. Ed. A ganinmu ita ce ta fi dacewa da mutum mai irin yanayinka. Da ita ɗakin bincikenka makarantunku ne. Za ka iya gwada dabarar koyarwa biyu a makarantu huɗu na shiyyarku na tsawon makonni shida zuwa takwas, ka yi wa yara gwaji kafin da bayan, ka auna bambanci. Batutuwa ma suna ƙofar gidanka: yadda ake koyar da sinadarai inda babu ɗakin gwaji, amfani da kanwa da toka da ruwan tsamiya da zoɓo wajen nuna asid da kishiyarsa, ko tasirin yin bayani da Hausa kafin Turanci. Wannan mastas ba ta karɓar mai B.Sc. zalla, wanda ya sake dawo da mu kan PGDE.

Akwai ƙofa ta uku, ta mulki: shugaban makaranta, ofishin shiyya, sashen tsare-tsare a ma'aikata. Nan M.Ed. a gudanarwa da tsare-tsaren ilimi take. Ita ce kowa ke rububi, don haka gurbinta ya fi wuya, malaman da ke duba bincike sun fi cika da ɗalibai, masu riƙe da ita kuma sun yi yawa. Naɗin shugaban makaranta ya fi bin mataki da daɗewa a aiki. Da a ce za ka bar kimiyya, gara ka dubi auna fahimta da tsara jarrabawa, ko ba da shawara da jagoranci, ko ilimin masu bukata ta musamman da ake yi a Bayero; masu su kaɗan ne, kuma mai lissafi a kai irinka ba zai sha wuya a na farkon ba.

Sai wata da ya kamata ka gane da kyau. Jami'o'i suna da mastas iri biyu, ta bincike da ta ƙwarewar aiki, irin su MBA da takwarorinta na harkokin mulki. Ta biyun ta fi sauƙin samu, ana gamawa da wuri, kuɗinta ya fi yawa. Amma galibi ba a wucewa digirin digirgir da ita, ba a ɗaukar lakcara da ita, kuma ba ta da alaƙa da darasin da kake koyarwa. Malamai da yawa sun yi ta don a ce suna da mastas. In sunan kake so, za ka samu.

Sharuɗɗan shiga ba su da yawa amma kowanne yana kayar da mutum. Digiri mai daraja ta biyu, ko da ta ƙasa ce. Mai daraja ta uku sai ya bi ta difilomar gaba da digiri a fanninsa. Kiredit biyar na sakandare da Turanci da Lissafi. Takardar hidimar ƙasa, ko ta yafewa. Sai tiranskirif, wato cikakken sakamakon darussan digirinka, wanda tsohuwar jami'arka ce za ta aika kai tsaye, kuma shi ne ya fi jinkiri; ka nema watanni kafin a buɗe fom. A takarda mastas zango uku zuwa huɗu ce. A aikace darussan shekarar farko kowa na gamawa, a bincike ake maƙalewa: a amince da batu, a kare shawarar bincike, a tattara bayanai, a kare a cikin gida, a jira mai jarrabawa daga waje. Kowace shekara ta zagayo sai ka sake biyan rajista. Yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya ci wata takwas a 2022, waɗanda ke tsakiyar bincike a lokacin sun san abin da ya yi musu. Ka yi lissafin shekara uku, in ta zo a biyu ka gode wa Allah. Kuma kada ka ba wani ya rubuta maka. Ana saka aikin a manhajar gano satar rubutu, ranar karewa kuma tambaya ɗaya kan yadda ka zaɓi samfur ta isa ta tona asiri.

Wajen kuɗi, kuɗin makaranta ba shi ne babba ba. Zango guda yana da kamar makonni 15 na karatu, biyu 30 ke nan. Ninka kuɗin mota zuwa da dawowa sau 30, ka ƙara na kwana da abinci in lakca ta kai Lahadi, da buga takardu, da data. Abin da ya fito shi ne ainihin kuɗin shekarar. Shi ya sa cibiyar da ke kusa ta fi mai suna da ke nesa, matuƙar takardar iri ɗaya ce. Kada ka sa rai da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, malaman manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyi, ban da na firamare da sakandare. Karatun dogon hutu irin na Zariya yana da kyau ga malami, amma ka tuna hutun yana faɗawa tsakiyar damina. In gonar riɗin ce za ta biya karatun, sai ka san wa zai tsaya mata.

Za a zo maka da tayin gajeriyar hanya: digiri daga ƙetare cikin watanni, ko wata cibiya a bayan kasuwa da ke cewa reshen wata jami'a ce. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya wallafa labarin yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida don ya tona yadda abin yake, a farkon 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Hukumar jami'o'i, NUC, tana wallafa sunayen jami'o'in da ta amince su yi karatun gaba da digiri, da sunayen na bogi. Dubawa minti biyar ce a waya. Takardar bogi a fayil ɗin gwamnati tana iya cin aikin da fanshon gaba ɗaya.

Kwasa-kwasan intanet kuma, ka raba abin da ke ƙara maka iyawa da abin da ke shiga fayil. Satifiket ɗin kwas na mako huɗu ba ya motsa mataki, don haka kada ka biya kuɗi mai yawa a kansa; na kyauta ka yi don kanka. Abin da ke da amfani a hannu shi ne iya kwamfuta na gaske, ka iya haɗa sakamakon ɗalibai a Excel ka buga jarrabawa da kanka. Ga malamin Kemistiri, ka nemi shiga makin WAEC ko NECO. Zaman daidaita maki da ake yi kafin a raba takardu yana nuna maka inda yara ke zubar da maki, abin da ba lakcar da za ta koya maka, ga ɗan alawus. Ka shiga ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, ka je bitarta. Bitocin da gwamnati ke shiryawa da abokan hulɗa, irin na shirin PLANE da ke aiki a Kano da Kaduna da Jigawa, daga cikinsu ake zaƙulo masu horar da wasu. Ka adana takardun halarta, ana neman shaidar ci gaba da horo wajen sabunta lasisi.

Malama kuwa lamarinta ya fi naka sauƙin yankewa, kuma a wajen albashi ribarta ta fi taka. NCE ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan, ta riga ta cancanci rajista a rukunin D, in ba ta yi ba ta yi bana. Abin da ke gabanta digiri ne na ilimi, domin rufin mai NCE yana ƙasa da na mai digiri, kuma da digirin za ta nemi a sauya mata layin aiki zuwa na masu digiri. Dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 ko 40 a aiki, kowace jiha ce ke zartar da ita ga ma'aikatanta, amma dai tafiyar da sauran nisa, bai kamata ta tsaya a rufi da wuri ba. In cikakken lokaci ne, ta bi JAMB ta shiga aji biyu kai tsaye, shekara uku. In na ƙarshen mako ne ko ta NTI da NOUN, zai fi haka tsawo amma tana gida. Izininta ta hannun hedimasta zai bi, zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, zuwa SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Ta zaɓi digirin da ya ɗora kan darussan NCE ɗinta. In nazarin firamare ta yi ko na ƙananan yara, ta ci gaba a kansa, don masu ƙwarewa a koyar da karatu a aji ɗaya zuwa uku su ake nema, mata kuma a ƙauye sun yi ƙaranci.

Abin da ya fi tare masu NCE shi ne sakamakon sakandare. Da yawa sun shiga kwaleji babu kiredit a Turanci ko Lissafi, jami'a kuwa ba ta ɗaga ƙafa: biyar take so, a zama bai wuce biyu ba. Ku ɗauko takardarta yau ku duba. In da giɓi, ta zauna jarrabawar ƙarshen shekara ta WAEC ko NECO kafin komai. Ba a tauna taura biyu lokaci guda, don haka ku jera: bana kai PGDE, ita gyaran sakamako da rajistar TRCN, baɗi ita ta shiga digiri, kai ka yi jarrabawar TRCN ka nemi tiranskirif. Zuwa lokacin ka ga yadda jikinka da aljihunka suka ɗauki zirga-zirgar, ka kuma san wace mastas ce taka.

Kafin ku cika fom na farko, ku baje takardunku duka a tabarma ku gwada sunaye. Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, sunan gari a ƙarshen ɗaya babu a ɗaya, ranar haihuwar NIN ta saɓa da ta fayil. Yanzu da komai ya koma kwamfuta, harafi ɗaya yana tsayar da rajista. A je kotu a yi takardar rantsuwa, a gyara NIN in ita ce ta kauce, sannan a yi amfani da rubutu guda a duk fom ɗin da zai biyo baya. Ita ma Malama ta bar sunan da ke kan NCE ɗinta yadda yake, kada a sauya shi zuwa naka a tsakiyar hanya.